Baƙon da Ba a Sallama Ba

A gidanmu na Getso ba a cika kunna fitila ba a shekarun ostariti, lokacin tsadar rayuwa. Kananzir sai an je Gwarzo an yi layi, wani lokacin ma a dawo da galan fayau. Don haka murhun Iya ne fitilarmu. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, doguwar mace siririya, jinin Fulanin da suka ajiye sanda suka kama fartanya. In ta kwashe tuwo sai ta tura kara biyu ko uku cikin wutar, ta miƙe ƙafafu, mu zagaye ta, ni da 'ya'yan maƙwabta.

Ni kaɗai ne yaro a gidan. Babana ya tafi kudu neman abin yi a shekarar da gero ya ƙi, lokacin ina fara famfara. Bai dawo ba. Innata ta jira har ta gaji, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Kabo, aka bar ni wurin tsohuwa. Labarinsa sau ɗaya ya taɓa iso mana. Wani mai safarar shanu ya ce ya gan shi a wani gari na bakin kogi, wai yana aiki a gidan sarki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Iya ba ta zancensa. Ɗan farinta ne, kuma a wurin mutanenta uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da mai shanun nan ya zo tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ce a raina, wannan tsohuwa anya tana da zuciya kuwa?

Tatsuniyoyi kam tana da su buhu-buhu, na kura, na 'yan matan rafi, na maƙaryata. Amma akwai guda ɗaya da ba ma so, ita kuma ba ta gajiya da ita. Sai ta zungure ni da ƙafa ta ce, "Maigidan da ba ya cefane, matso nan ka tare mini iska. To, ga wata nan tafe gare ku."

Mu ce, "Ta ƙaraso, Iya."

Wai a wata shekarar yunwa wani mutum ya bar garinsu neman hatsi. Ya yi ta tafiya har ya isa bakin wani kogi wanda ba a hango gaɓarsa ta can. A nan ya tarar da gidan Sarkin Ruwa, zaure bayan zaure, ɗakuna ba iyaka, amma tsit. Sarki ya sauke shi, aka kawo masa shinkafa da kifi, ya ci har ya murmure. Da ya murmure sai gida ya faɗo masa a rai. Ya ɗaure ƙunshinsa da safe, ya tafi neman sallama. Kafin ya buɗe baki Sarki ya ce, "A'a, baƙona! Ina kwana? Ina gajiya? Kai, a kawo wa baƙo abin karyawa."

A nan Iya takan buɗe hannuwa ta ce, "To ku faɗa mini, ka ci abincin mutum yanzu-yanzu, da wane baki za ka ce masa za ka tafi?" Sai mutumin ya ce bari sai gobe. Shi ma Sarki ya san baƙonsa yana da mutane a gida, amma mai gida ba ya ce wa baƙo tashi ka tafi. Wannan yana jira a sallame shi, wancan yana jira a nemi sallama. Damina ta wuce, rani ya wuce, furfura ta fito wa baƙo, ƙunshinsa yana nan a ɗaure a bayan ƙofa.

"Iya, meye sunansa?"

"Ina ruwanku da sunansa? Wani mutum ne."

"To ya koma gida?"

"Ba a sallame shi ba tukuna."

Shi ke nan fa. Sai ta janye karan daga wuta. Kalmar nan da ake rufe kowace tatsuniya da ita, ba ta taɓa faɗinta a kan wannan ba. Talatu 'yar maƙwabcinmu ta tashi tana kakkaɓe zani tana cewa wannan tatsuniya ba ta da wutsiya. Yara su watse, kowa ya tafi inda ake kiransa. Ni ba mai kirana. Mu zauna ni da Iya, tana kallon garwashi, ni ina kallonta.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin gona a Gwarzo. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ofis ya tura ni wani taro kan noman rani, kuma a garin nan na bakin kogi za a yi. Na je Getso yi wa Iya sallama. Lokacin idonta ya tafi. Na faɗi sunan garin, ta yi mini addu'a kawai. Sai da na kai bakin ƙofa ta ce, "Maigida."

"Na'am, Iya."

"In ka ga baƙon nan na Sarkin Ruwa, ka ce masa an sallame shi. Ko hannu rabbana ne, ya taho."

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Ashe duk shekarun nan zancen ɗanta take yi mana, ta ƙofar da aka bar mata a buɗe.

Da na isa garin na ce wa ɗan acaɓa ya kai ni gidan sarki na bakin ruwa. Ya yi dariya, ya ce ai tsohuwar fadar tun tuni aka mayar da ita otal. Na ce ya kai ni haka nan. Gini ne na da, bango mai kauri, ƙofofin katako masu sassaƙa, hotunan sarakunan da suka shuɗe jere a baranda. Matar da ke karɓar baƙi ta kalli hulata, ta tambayi daga ina. Na ce Kano. Ta ce, "Ku ne masu Shari'a," ta miƙo mini mukulli ba ta ƙara kallona ba.

Ɗakin da aka ba ni ya kai tsakar gidanmu girma. Gadon ƙarfe, fanka tana juyawa a sama, taga tana kallon kogi da jiragen kwale-kwale. Abinci a tire ake kawowa, a ƙwanƙwasa, a ajiye, a tafi. Na kwana na tashi, ba wanda ya ce mini ina gajiya. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ɗakin nan ba, ni da na tashi cikin kaɗaici.

Washegari da la'asar na hango mai gadi yana alwala a bakin get, wani dattijo mai suna Malam Idi, mutumin wajen Katsina. Muka gaisa, gaisuwa ta gaske, har gida da iyali da damina. Sannan na ce ko ya san wani Habu na Getso. Ya ajiye butar a hankali, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Kai ne Sale."

Ya nuna mini wani ɗan ɗaki a jikin get, faɗin tabarma ɗaya. Nan babana ya zauna, yana gadi, yana ba furanni ruwa. Malam Idi ya ce, "Duk kaka sai ya ce bana zan tafi. Har kaya yake ɗaurewa. Sai kuma ya zauna ya ce, da wane ido zan kalli tsohuwa, na fito neman hatsi in koma mata da sanda? Waccan daminar zazzaɓi ya kwantar da shi. Sai haƙuri, ɗana."

Ya raka ni maƙabartar Hausawa a bayan zango. Na durƙusa na yi addu'a. Sannan na ce, "Baba, Iya ta ce an sallame ka. Ko hannu rabbana ne." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da Innata ta tafi Kabo.

A hanyar dawowa haushi nake ji, ban san na wa ba. Ba wani sarki da ya riƙe shi. Kunya ce ta riƙe shi a bakin kogi, kunya ce ta riƙe ta a Getso, kuma kalma ɗaya a bakin mai shanu da ta isa. Har yau ina son kunyar mutanenmu, ita ta raine ni. Amma na ga abin da ta ci mana, kuma 'ya'yana, har na farin, da sunansu nake kiran su.

Na iso Getso da magariba. Iya tana bakin murhu, wasu sababbin yara sun zagaye ta. Ta amsa gaisuwata, ba ta tambayi komai ba sai da na zauna.

"Ka isar?"

"Na isar, Iya. A kwance na same shi, a bayan zango."

Karan da ke wuta ya cinye. Sannan ta tura wani, ta fara tatsuniyar tun daga farko, muryarta ba ta rawa. Da ta kai inda take tsayawa, wata yarinya ta ce, "To ya koma gida?"

"An sallame shi," in ji Iya. "Ya tafi gidan da kowa zai je." Ta faɗi kalmar rufewa, ta kori yara.

Muka rage ni da ita kamar da. Ta laluba ta kama hannuna, ta riƙe.

Ta ce, "Allah ya jiƙan Habu."

Ranar na fara jin sunan babana a bakinta.