Shugaban Samarin Bayan Masaƙa

Mai aski mutum ne da bai iya riƙe almakashi baki a rufe ba. Tun yana koyon sana'a ya gane kan mutum ba ya tsayawa cik sai an ba kunne abin saurare, don haka labari yake zubawa, kuma ko na faɗuwar akuya a rijiya ne sai ya ƙara masa gishiri. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da benci, da madubi mai tsaga, da kujera mai ƙara.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Dogo, wanda tun da aka rufe masaƙa yake wuni a gindin katangarta da sauran samari marasa aiki.

Sai wani malamin jami'a ya fara zuwa aski. Ya ce hukuma ta nemi shawararsa kan ƙwacen waya da ya addabi gari. A iliminsu na zamantakewa, in ji shi, ba a haihuwar yaro da mugun hali, wajen abokan zama yake kwasa, kuma kowane gungu na da jagora. A ɗauke jagoran a gyara shi, sauran su watse. Ya tambaya ko samarin bayan masaƙa na da nasu.

Mai aski ya samu wanda ba ya katse shi, ina zai tsaya!

"Ai Dogona ne, ranka ya daɗe. In bai ɗaga hannu ba, ko tari ba mai yi."

Dogon da zakara ke kora! Uba ne kawai yake son a ce ɗansa wani abu ne. Da matarsa ta ji, ta ce bakin nan nasa sai ya ja musu abin kuka. Ya yi dariya.

Malamin ya daina zuwa. Wata farar mota ta fara ratsa layin a hankali, gilashi a rufe. Aka ce an buɗe gidan gyaran hali a bayan gari, mai doguwar katanga, kuma babu wanda ya san ranar fitowa.

Wata safiya wani jami'in gidan ya shigo shagon da fara'a, ya ce malamin jami'ar ya yaba hannunsa, an ba shi aikin aske sabbin shiga. Aka kai shi wani ɗaki mai kujerar ƙarfe, aka ce za a fara da shugabansu.

Sai aka shigo da Dogo. Ya zauna, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba tun yana ƙarami.

"Baba, wa ya ce musu ni ne?"

Mai aski ya kunna injin aski. Har ya gama bai ce uffan ba.