Dariya a Jikin Gwangwanin Mai

Shekara arba'in da ɗaya Oronzo Lamanna ya yi yana ɗaukar hoto a garinmu, a shago ɗaya, bayan cocin San Rocco. Amma tambayi yaran yanzu ko wane ne shi, sai su ce, "Au, mutumin nan na gwangwani?" Abin da ya rage masa ke nan a bakin mutane. Ni kuwa benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar Fadoji, limaman coci, inda aka koya mana cewa ba a kafa magana sai da kwanan wata, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba, har da shi kansa.

Ya buɗe shagon a watan Mayu na 1951, bayan ya yi shekara huɗu yana koyon aikin a birnin Bari. Mesto Oronzo muke kiransa, kamar yadda ake kiran kowane gwanin sana'a, ni kaɗai nake ce masa kumpa, domin shi ya riƙe mini 'yata ranar baftisma. Mutum ne gajere, mai faɗa. Bai taɓa ce wa kowa ya yi murmushi ba. Sai dai ka ji yana daka tsawa daga bayan kyamara: "Ɗaga haɓa! Wa ya ce ka lumshe ido? Ka zauna kamar ɗan mutane mana!" A haka ya ɗauki jariranmu da amarenmu, da duk samarin da suka tafi Jamus da Beljiyam neman aiki.

Amma aikin da ya fi ji da shi shi ne hoton kabari. Mutum in ya haura sittin, yakan sa kayansa na Lahadi ya je ya zauna masa, tun yana da sauran fuska. Oronzo ya ɗauka, ya gasa hoton a jikin ɗan tangaran mai siffar ƙwai a tandar da ke bayan shagon, ya naɗe a takarda, ya rubuta suna, ya sa a aljihun tebur. Nan zai zauna har ranar da za a manna shi a jikin dutsen kabarin mutumin. A garuruwa biyar da ke kewaye da mu, shi kaɗai ke da irin wannan tanda. Ba wanda ke ganin abin da ke cikin aljihun teburin nan, ko matar mai hoton. Wannan ita ce ƙa'idarsa, shi ya sa mutane suka saki jiki da shi.

Daga baya ƙananan kyamarori suka cika gari, kowane ɗan iska ya rataya ɗaya a wuya yana yanke wa danginsa kai a hoto. Aiki ya ja baya. Dole Oronzo ya shiga ɗaukar hoton kayan sayarwa: kwalaben giya, cuku, taliya, takalma. Ya tsani aikin. Yakan shafa wa cuku mai don ya yi ƙyalli, ya ɓata yini yana gyara fitila a kan kwalba ɗaya.

"Kumpa," ya ce mini wata rana, "yau kwana uku ina lallashin kwalba. Ko surukata ban lallasa haka ba."

Sai kuma katunan 'yan yawon buɗe ido. Masu sayen hotunan ba sa son ganin wayar lantarki, ba sa son mota, ba sa son makarantar da muka yi shekara goma muna roƙo kafin a gina. Jaki suke so, da tsohuwa a bakin ƙofa. Wani ya taɓa aiko masa da wasiƙa cewa hotunansa sun yi kyau, sai dai babu jaki. Ya amsa masa cewa jakin ƙarshe a garin nan ya mutu tun 1969, sauran duk sun koma majalisar gari. Ni na gyara masa rubutun, ban taɓa maganar ba.

A watan Maris na 1986 wani kamfanin man zaitun ya ba shi aikin ɗaukar tsofaffin itatuwa don a buga a jikin gwangwani. Takardar da ya sa wa hannu ta ce zai miƙa fim ɗin gaba ɗaya, kuma duk abin da ke kai ya zama na kamfani. Bai nuna mini takardar ba. Da ya nuna mini, da ba na wannan rubutu yau.

Fim ɗinsa hoto goma sha biyu yake ɗauka. Ranar Talata ya je gona ya ɗauki takwas, hadari ya taso, ya dawo. Saura huɗu. Oronzo kuwa ya tashi a lokacin yaƙi, bai taɓa cire fim da saura ba a rayuwarsa. Ranar Laraba da hantsi Zia Nunziata, wato Gwaggo Nunziata, ta shigo ɗaukar hoton kabarinta, sai kawai ya juya kyamarar ya ƙarasa da ita.

Zia Nunziata matar marigayi Pantaleo ce, mai fasa dutse. Shekara goma sha tara tana cikin baƙin kaya tun rasuwarsa, ba ta zuwa biki, ba ta zama a dandali, daga gida sai coci sai makabarta. Ba wanda ya tilasta mata, ita ta zaɓa, kuma shi ne abin da take taƙama da shi a duniya. Ta zauna a kujera ta ɗaure fuska tamau. Ya ɗauki uku, bai gamsu ba.

"Zia, sassauta kaɗan mana," in ji shi. "Da wannan fuskar, in kika isa can, Pantaleo zai ɗauka uwarki ce ta biyo shi, ya sake mutuwa."

Dariya ta kufce mata. Ta buɗe baki gaba ɗaya, har giɓinta ya fito, ta kai hannu ƙirji. Yatsansa kuwa ya riga ya danna.

Nan take ta kame. "Mesto Oronzo, ka ɗauki wannan?"

"Na ɗauka."

"Ka ƙone shi."

"Zan ƙone."

"Rantse da kabarin mahaifiyarka."

Ya rantse. Ya wanke fim ɗin, ya zaɓi na biyu cikin masu ɗaure fuskar, ya gasa mata tangaranta ya adana. Na dariyar bai ƙone ba. Ya ce mini mantuwa ce. Ƙarya yake yi, na kuma faɗa masa. Daga baya ya amsa cewa ya ɗauko almakashi har sau biyu ya kasa, domin a duk shekarunsa bai taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba. Yana ta cewa gobe, gobe, har ranar da direban kamfani ya tsaya a ƙofa yana danna oda, shi kuma ya zura fim ɗin a ambulan da sauri ya miƙa, bai yanke komai ba.

A watan Oktoba gwangwanayen suka iso kantin garinmu. Babu itacen zaitun ko ɗaya. Zia Nunziata ce, baki buɗe, cikin baƙin gyalenta, an rubuta a ƙasa da jan baƙi: Man Kaka Mai Fara'a. Matar da ɗanta ɗaya ne, Sabino, wanda ko aure bai yi ba, balle ta ga jika. Kafin Kirsimeti kamfanin ya sayar wa masu harkar yawon buɗe ido da hoton, aka manna shi a tashar jirgin ƙasa ta Bari, tsayinsa ya fi mutum, ana gayyatar baƙi su zo ƙasar da tsofaffi ke dariya.

A bakin coci ta ji. Wata maƙwabciyarta ce ta tare ta bayan sujada, tana ƙunshe dariya: "Nunziata, ashe kina da haƙora? Jiya da ke na soya kifi."

Ina shagon lokacin da ta shigo, da gwangwani ɗaya a hannu. Ta ajiye shi a kan tebur a hankali.

"Ina mahaifiyarka take kwance, Oronzo?" Ko Mesto ba ta ce ba.

"Zia, ki saurare ni..."

"Layi na uku, kusa da famfo. Kullum ina zuba wa furanninta ruwa, tunda kai ba ka da lokaci. Da ita ka rantse mini. Shekara goma sha tara ban buɗe bakina a titi ba, kai ka buɗe shi a kicin ɗin kowa. Ana ɗaga ni, ana tsiyaya ni, in na ƙare a jefa ni a bola. Miƙo mini tangarana."

Ya buɗe aljihun tebur ya miƙa mata. Ta warware takardar, ta dubi hoton, kyakkyawan hoto ne, na rantse. Sai ta sake shi a ƙasa, ta sa dunduniya ta murƙushe. Ta fita ta bar mana gwangwanin.

Washegari muka hau motar safe zuwa ofishin kamfanin a Bari, ni da shi. Aka kai mu gaban wani saurayi mai sheƙin takalmi da kowa ke kira Dottore, wato dakta, ban san me ya karanta ba. Ya tarbe mu da fara'a, har ya aika a kawo mana kofi.

"Mesto, ai godiya ya kamata ka yi mana. Hotonka ya kai har Milano. Tsohuwar kuma ta yi suna, mene ne abin fushi?"

"Hoton kabarinta ne!" Oronzo ya buga tebur. "Hoton kabari ka sa a jikin man suya!"

"To ai ba a rubuta a jiki ba. Ga hannunka nan, duba. Ko ba naka ba ne?"

"Uwarka tana raye, Dottore?"

"Tana nan lafiya."

"Turo mini ita. Ina da aikin hoton abincin kare."

Masu gadi biyu suka raka mu har titi. Lauyan da muka gani ya ce takardar ta ɗaure Oronzo, amma ita tsohuwar ba ta sa hannu a komai ba, in ta kai ƙara za ta ci. Ni na je na gaya mata, domin shi ba ta buɗe masa ƙofa. Ta saurare ni daga bakin zaure, sannan ta ce, "In je in tsaya gaban alƙali, a ɗaga gwangwani ana kwatantawa da fuskata? Kallon da aka yi mini bai isa ba?" Ta rufe ƙofa.

Oronzo ya gwada abin da zai iya. Hoton ba takarda ba ce da za a ɓare, a jikin ƙarfen aka buga shi. Ya roƙi mai kanti ya daina kawo man, mai kanti ya ce shi ne ya fi tafiya. Iyakar alfarmar da ya yi ita ce juya gwangwanayen su fuskanci bango, na mako biyu.

Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne halin mutanenmu. Su ne suka sayi man, suka yi dariya, suka aika wa 'ya'yansu a Jamus don su ga Zia Nunziata. Kuma su ɗin ne suka yi layi a shagon Oronzo suna karɓar tangaransu, wai ba a san inda fuskar mutum za ta ƙare ba. Na ƙirga: mutum ashirin da uku a wata ɗaya. Wani tsohon mahauci ma cewa ya yi, "Ba ni nawa, Mesto, kafin in tsinci kaina a jikin tsiran alade." Oronzo, mutumin da ya saba daka tsawa, sai miƙawa yake yi yana soke suna a littafi.

Abu ɗaya yake so, ta sake zama masa sau ɗaya. Ya aika limamin coci, ya aika ni, ya aika ɗanta. Shekara biyar yana aike. A ganinsa in ta yarda ya sake ɗaukarta, ta yafe, kuma kabarinta zai sami hoton da ya dace da ita. Kowane lokaci amsa ɗaya ce: ta riga ta yi shirinta.

Ta rasu ranar 9 ga Nuwamba, 1991. Bayan kwana uku Sabino ya shigo shagon da ambulan. A ciki akwai ɗan ƙaramin hoto, irin na akwatin tashar jirgi wanda ake jefa wa kuɗi a ja labule. Ashe ita kaɗai ta hau mota ta je Bari ta zauna wa na'ura. Kujerar ta yi mata ƙasa, haɓarta ta yanke, haske ya wanke rabin fuskar, idanun kamar ramuka biyu.

"Ta ce kai za ka gasa, tunda ba wani mai tanda," in ji Sabino.

Oronzo ya ɗaga hoton zuwa taga. "Wannan ba uwarka ba ce, Sabino. Ina da sauran biyu masu kyau a ƙwaƙwalwata, ka ba ni kwana uku da burushi, zan dawo mata da fuskarta. Ba wanda zai sani."

"Ta san za ka faɗi haka, Mesto. Ta ce in ka taɓa ko da gashin gira ɗaya, in fasa in bar dutsen haka nan."

Oronzo ya sauke hoton ya ce, "Ka dawo ran Asabar."

Ya gasa shi yadda yake, bai ƙara ba, bai rage ba, kuma da hannunsa ya je ya manna a jikin dutsen, kusa da na Pantaleo wanda shi ya ɗauka tun 1965. Ina tsaye ina riƙe masa kwanon siminti. Da ya gama ya goge gefen da yatsa, ya ja da baya ya duba ko ya miƙe, ya ce mu tafi. Bai sake kunna tandar ba, kuma kafin bazara ya rufe shagon.