Sa Hannu a Kewayen Faranti

Jiya kofin shayi ya bar tabo kamar zobe a takardata, sai na tuna Malam, shugaban ƙungiyarmu ta malaman da aka turo kwas London zamanin kuɗin mai. Ma'aikatar ilimi ta ce kwas ɗin ba zai ƙara mana albashi ba. Muka rubuta koke a ɗakinsa mai warin kananzir, amma kowa na tsoron fara sa hannu.

Ya kifa faranti a takardar, ya zagaye shi da biro. "Ku sa a kewaye, samari. Su nemo na farko."

Nasa ya sa a tsakiya. Shi kaɗai manyan ma'aikatar suka mayar gida, saura wata biyu ya gama, su da ke zuwa London sayen labule.

Allah ya jiƙansa, su kuma ya tambaye su.