Kyankyasai a Ɗakin Sista

Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, ko maganin ciwon kai ba ta taɓa rubutawa ba, amma duk layin Sista ake kiranta. Aikin asibiti ta yi tun tana amarya har furfura ta cim mata, sai dai nata aikin na tsintsiya ne da bokiti. Ita ke share ɗakin masu jinya, ta goge ƙasa, ta wanke banɗaki kafin likitoci su fara zagaye. Mijinta, direban bas mai yawan barkwanci, shi ya fara tsokanarta da sunan, yara suka ɗauka, ya bi ta har bayan ta bar aiki. Ba ta musun sunan. Abin da ta fito da shi daga asibiti, ban da ciwon baya, shi ne hancin da ba ya jure ƙarni da hannun da ba ya zama. Matan gidan sukan ce idan ka zubar da shayi a ɗakin Sista kana iya durƙusawa ka shanye abinka.

Ɗaki biyu ne da ɗan kicin a ƙarshen wani dogon gidan haya. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta aurar da su. Mai gidan na asali dattijo ne mai sauƙin kai, wanda ko famfo ya ɗiga sai ya zo da kansa ya tsaya a kan mai gyara. Da ya rasu gidan ya faɗa hannun autansa, wanda kowa ke kira Auta. Sista ta goya shi yana jariri, lokacin da mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya, don haka Mama yake ce mata. Ya girma ya koma wata unguwa, ba a ganinsa sai ta waya.

Shekarar da ɓarin jikin mijinta ya shanye, a shekarar Auta ya gina shaguna a bayan gidan. Motar da ta kawo bulo ta taka murfin sokawe, wato ramin da ruwan banɗakunan gidan ke taruwa, simintin ya tsage. Aka ɗora wani tsohon kwanon rufi a kai aka danne da dutse, aka ce za a gyara. Ramin yana jikin bangon kicin ɗin Sista ta waje. Ita a lokacin hankalinta ba ya nan. Tana koyon yadda ake juya babban mutum a kan gado ba tare da an ji masa ciwo ba, da yadda ake fahimtar maganar da rabin baki ke yi.

Kyankyaso na farko da ta gani a bayan tukunya ne, ta take shi, ta wanke silifas ɗin, ta manta. Kafin damina ta wuce sun zama 'yan gida. Ta buɗe kabad sai su watse kamar an zubar da tsaba. Suna cikin kwalin ashana, suna cikin rediyon mijinta, suna bayan hoton bikin 'yarta, har sun cinye gefensa. Akwai manya masu tashi, akwai ƙanana masu ruwan toka da ba sa tsoron haske. Ga kuma wani wari mai nauyi da ya kama kwanuka, wanda sabulu ba ya fitarwa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Mace irinta, wadda asibiti guda ya shaida tsabtarta, ta ce kyankyaso ya fi ƙarfinta? Ta sayi hoda ta barbaɗa, ta sayi allin nan mai guba ta zana a gindin bango, ta zuba kananzir a magudana, ta tafasa ruwa ta kwarara a kowane lungu har fatar hannunta ta saɓule. Da ta gwada gwangwanin feshi sai tari ya sarƙe mijinta, idanunsa suka firfito, ta jefar da gwangwanin tana salati. Ta daina barin ƙofa a buɗe. Idan maƙwabciya ta zo gaisuwa sai ta tare ta a bakin ƙofa ta ce Baban yara yana barci.

Shi kuwa yana kwance yana kallon rufi, yana ganin abin da ke wucewa. Wata rana ya ce mata da karkataccen bakinsa, wai fasinjoji sun yi yawa a motar nan kuma babu mai biyan kuɗin mota. Ta yi dariya don ta faranta masa, ta shiga kicin ta share hawaye da gefen zane.

Abin da ya fasa asirin ya faru ne da hantsi. Ta fita karɓo masa magani, layi ya riƙe ta. Da ta dawo ta same shi yana buga kansa da matashi, gumi ya jiƙa rigarsa, hannunsa mai lafiya ya maƙale a ƙarƙashin jikinsa ya kasa zarowa.

“Kunne,” ya ce. “Abu ya shiga. Yana motsi.”

Ta leƙa ba ta ga komai ba, amma ta ga yadda fuskarsa ke murɗewa duk sanda abin ya motsa. Ta fita tsakar gida da gudu ba ko mayafi. Tela da malamin makaranta, maƙwabtanta na kusa, su suka ɗauko shi suka sa a mota. Asibitin da ta yi aiki aka kai shi. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda Sista ta sani tun tana ɗaliba, ta ɗiga masa mai a kunne, ta jira, ta zaro abin da ɗan ƙarfe ta ajiye a faranti. Ta dubi farantin, ta dubi tsohuwar, ta ce a hankali, “Sista, a ɗakinki?” Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Amma Sista ta gwammace a ce marinta aka yi.

Tun a hanyar dawowa bakin kowa ya buɗe. Tela ya ce sun ɓata masa yadin mutane ba sau ɗaya ba. Malam ya ce littattafansa duk sun zama abincinsu, matarsa har a cikin takalmin yara take kakkaɓo su. Ashe kowane ɗaki na fama, kowa ya rufe ƙofa yana jin kunyar ɗan'uwansa.

Babbar 'yarta ta turo mai feshi. Mutumin ya zagaya, ya haska bayan kabad, ya nuna mata tsagar da ta bi bangon kicin daga ƙasa, sannan ya fita ya ɗaga gefen kwanon nan da sanda ya saki da sauri. Ya ce zai iya fesa mata ɗaki yau, amma yaudararta zai yi, domin daga ramin suke fitowa, kafin wata ya mutu za su dawo. Sai an gyara murfin, an toshe bangon, an fesa gidan gaba ɗaya a rana guda, kuma wannan aikin mai gida ne.

Ta kira Auta da yamma. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi jikin Baba, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce yanzu abubuwa sun yi masa yawa, kuma gidan ai tun zamanin mahaifinsa yake ba a taɓa wannan kukan ba.

“Mama, kar ki ji haushi,” ya ce, “amma kyankyaso ƙazanta yake bi. Ga mara lafiya a ɗaki, ke kuma girma ya kama ki. A ƙara kula da shara mana.”

Ta ce to, ta gode. Ta ajiye wayar ta zauna a bakin gado. Mijinta ya ji komai. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa gwiwarta.

'Yarta ce ta kawo maganar duba-gari. Ta ce wanda ya biya haya yana da haƙƙin a ba shi wurin da mutum zai iya zama, kuma gyaran sokawe da bango ba alfarma ba ce da za a roƙa. Akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙara, su zo su gani da idonsu. Sista ta ce ita ba za ta kai ƙarar yaron da ta goya ba, me za ta ce wa uwarsa ranar da suka haɗu a lahira. 'Yar ta ce, “Umma, to Baba fa? Gobe idan ta hanci ya shiga?” Kwanaki ta yi tana juya maganar. Duk fitar da za ta yi sai ta toshe wa mijinta kunnuwa da auduga, shi kuma ya tsani audugar, domin tana hana shi jin rediyo.

Ta bi ɗakuna tana neman wanda za su je tare. Kowa ya ce gaskiyarta ce. Malam ya ce ranar yana da aji. Tela ya yi alkawari, amma da safiyar sai ga ɗinkin gaggawa. Matar malam ce ta fito mata a fili, ta ce su suna da ƙananan yara, idan Auta ya fusata ya tashe su, ina za su nufa? Sista ba ta ga laifinta ba. Ta ɗaura zanenta mai kyau, ta bar 'yarta da mara lafiya, ta tafi ita kaɗai.

Sai da ta koma ofishin ya fi sau biyu kafin aka haɗa ta da wata jami'a mai ƙaramin jiki da ba ta da yawan magana. Matar ta zo ta duba ɗakin Sista tukuna, ta shafa yatsa a saman kabad, ta ce ita ba ta ga ƙazanta a nan ba. Sannan ta sa aka janye kwanon gaba ɗaya. Abin da ya fito daga ramin ya sa yaran layin suka tarwatse, masu shaguna suka haye benci. Bangon ya yi baƙi ƙirin yana motsi. A tsaye a wurin ta kira Auta, ta gaya masa abin da zai yi da lokacin da aka ba shi, da abin da zai biyo baya idan bai yi ba.

Ya yi. Magina suka zo suka zuba sabon murfi, suka toshe bangon. Ranar feshi aka ce kowa ya fita har yamma. Tela da malam, da kunya a fuskarsu, suka ɗauko Baban yara da katifarsa suka shimfiɗa shi a rumfar shagon tela, aka jingina shi da matasai yana fuskantar titi. Rabonsa da zama ya kalli titi tun kafin ya kwanta. Ya wuni yana kushe direbobi, wannan bai iya canza giya ba, wancan gadon mota ya yi ba koyo ba. Mutane suka taru suna dariya, har wani tsohon kwandastansa ya gane shi ya sauko daga mota ya durƙusa ya gaishe shi. Sista ta ce tun da ciwon ya same shi ba ta ga ya ci abinci kamar ranar ba. Da yamma ta share gawarwakin kyankyasan, ta cika bokiti, ta sake cikawa.

Auta bai kira ba, bai kuma ɗauki wayarta ba. Wakilinsa ya aiko, wani mai ɗaurarriyar fuska, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce idan wa'adin hayarta ya cika ba za a sabunta ba, za a mayar da ɗakunan shago. 'Yarta ta koma ofishin. Aka ce mata dole ya ba su isasshen lokaci su nemi wuri, kuma ba shi da ikon fitar musu da kaya ko cire ƙofa, amma babu mai tilasta masa ya ci gaba da ba su haya. Lokacin ya ba su, bai rage ko kwana ba, bai kuma ƙara ba.

Watannin da suka rage sun yi mata nauyi. Gidan ya yi fes, matar malam tana barin kwanukanta a buɗe, tela ya daina kakkaɓe yadi. Suna gaishe ta da safe idonsu a ƙasa, suna aiko mata da ɗan abin da suka dafa fiye da yadda suka saba. Ita kuma tana bin dillalai tana neman ɗakin ƙasa mai faɗin ƙofa, wanda gadon mara lafiya zai shiga. Wasu masu gidan da sun ji akwai mai jinya sai su ce an riga an kama. Wani ma ya ji labarin duba-gari, ya ce shi ba ya son 'yar haya mai kai ƙara.

A ƙarshe ta samu ɗaki ɗaya a can gefen gari, kusa da gidan 'yarta, taga guda, banɗaki a waje. Mai feshi ya ba ta shawara kada ta tafi da kabad ɗin katako, domin ƙwai na iya ɓoyewa a mahaɗarsa inda magani ba ya kai. Kabad ɗin aurenta ne, mahaifinta ya sa aka yi mata. Ta kwashe kwanukan ta zuba a kwali, ta bar shi a tsaye a ɗakin da babu kowa. Tela ya riƙe mata ƙofar mota, malam ya ɗauki ƙafafun mijinta, matar malam tana kuka a bayan labule.

A sabon ɗakin mijinta ya bi bango da ido ya tambayi kabad. Ta ce ƙofar ce ta yi masa kaɗan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ta matso da gadon kusa da taga. Ta kira surukinta suka tura. Tagar kuwa bangon maƙwabta take kallo. Ta ɗauko bokiti ta fara wanke ƙasa.