Ta Ba Shi Ko Ta Hana?

A Tsamaye na taso, a hannun kakata Tumba. Idan an gama kai gero rumbu, sanyi ya shigo, sai ta aike mu mu kwaso kara ta hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, da 'ya'yan maƙwabta, har da yaran Fulanin da ke sauka bayan gari shanunsu su ci kara. Ni take fara tsokana. "Kai mijin banza, ko goro ba ka taɓa kawo mini ba, amma wurin jin ɗumi ba a riga ka."

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta yarinya mai ɗibar wuta. Wai ruwan sama ya kashe kowane murhu a garinsu, uwarta ta ba ta kasko ta tura ta garin gaba ta ɗebo garwashi. Tana dawowa ta gamu da makiyayi yana rawar sanyi, ya roƙi ɗan kaɗan. A nan Kaka take tsayawa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ɗiyana, ta ba shi ko ta hana?"

Sai wuri ya kaure. Abin da ya fi rinjaye shi take bi. Bayan makiyayi akwai tsohuwa, bayan tsohuwa akwai kura mai jego, kowanne sai mun yanke. In muka yi ta bayarwa, yarinya ta isa gida da toka. In muka hana, ba mai nuna mata hanya, ta kwana a daji da wutarta. Ni kullum "ta hana" nake cewa, har nakan mintsini ƙanana su bi bayana, Allah ya yafe mini. Na taɓa tambayar Kaka wace ce hanyar gaskiya. Ta ce, "Ni mi na sani? Ku kunka aike ta." Na kwanta ranar ina jin haushinta.

Ban wuce firamare ba. Gyaran babur nake yi a Isa, inda muka koma bayan 'yan bindiga sun hana mu noma. Kaka ta daɗe da rasuwa, abokan hira sun watse, wasu har ƙetaren iyaka. Yanzu ba mai hura wuta a waje da dare.

'Yar ƙanwata, Balkisu, ita ce ta kai jami'a, tana karatun kwamfuta. Na taɓa gaya wa uwarta ɓata kuɗi ne, kuma ban ji daɗin bakina ba daga baya. A shekararta ta biyu ta lura cewa na'urar da ke mai da magana rubutu tana ɗan gane Hausar rediyo, amma in Bagobiri ya buɗe baki sai ta rubuta shirme. Ta kai ƙorafi wurin wata malamarsu mai binciken koya wa kwamfuta harshe. Malama ta ce na'ura ba ta sanin abin da ba ta taɓa ji ba. In Balkisu ta kawo muryoyin mutanenmu kafin hutu ya ƙare, za a ɗauke ta cikin masu binciken. Da ta zo hutu kuma, kowace Asabar takan tara yaran unguwa a zauren gidanmu tana koya musu taɓa kwamfuta.

Ta same ni a gareji. "Kawu, kai kaɗai ka rage da ka riƙe tatsuniyar Kaka. Ita nike so."

"Da rana tsaka? Kaka ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi."

"In ka ɓata, za ni bi sawun baƙin mai in gano ka."

Ta ja ni gida, ta shigar da ni ɗaki, ta rufe taga, ta kori kaji, ta aje waya gabana. Ta ce malamarta murya ɗaya take so, ba hayaniya, ba mai sa baki. Ta fita ta ja ƙofa. Na fara lafiya lau. Ruwa ya kashe wuta, yarinya ta ɗauki kasko, ga makiyayi. Na ce, "Ta ba shi ko ta hana?" Sai na ji kaina ina jira. Bango na kallona. Na amsa wa kaina "ta hana", abin ya fito kamar dafa-duka ba gishiri. Na sake, na ce "ta ba shi", nan ma na rasa abin da ke biyo baya. Ni da nake bugun ƙirji na haddace ta, ashe rabinta kawai nake riƙe da shi.

Muka yi ta gwadawa har hutu ya kusa ƙarewa. Na ga Balkisu ta daina cin abinci sosai. Ranar Asabar ta ƙarshe ta leƙa zaure ta ce wa yaran da take koya wa su rufe kwamfuta su biyo ta ɗakin.

"Malamarki ta ce ba hayaniya," na ce.

"Awo, ta ce. Fara, Kawu."

Da na kai wurin makiyayi, ɗaki ya ɗauka, har wani ya hau buhun gero yana ihu. Bakina ya buɗe. Muka wuce tsohuwa, muka zo kan kura. Sai wata 'yar ƙarama mai ɗankwali ja ta ce, "Baba, don mi za ta ɗiba mata? Kura ta kawo nata kara ta kunna a jikin garwashin mana, ai ba ya raguwa." Sauran suka ce haka za a yi. Kaka ba ta taɓa bin wannan hanya ba, don ba wanda ya taɓa aika ta can. Dole na ƙago sauran da kaina, ina yi gumi na keto mini.

Balkisu ta zauna ta rubuta kowace murya da hannu, ta nuna inda wannan ya katse wancan, ta aika. Malama ta ce ba abin da ta nema ba ne, kuma zai ba su wahala, amma irin maganar da na'urar ta fi buƙatar ji ke nan, don mutane ba su magana su kaɗai. An ɗauki Balkisu.

Sai ta kira ni daga makaranta. "Kawu, ana tambayar mai labarin. Sunan wa za ni sa?"

Na buɗe baki in ce Tumba, na tuna ƙarshen ba nata ba ne. In ce ni, farkon ba nawa ba ne. Wadda ta juya labarin kuwa ko sunanta ban tambaya ba. Shekaru ina zaton Kaka ɓoye mana darasi take yi. Yanzu ina ganin kamar ita ma jira take ta ji abin da za mu zo da shi, ko da yake ban tabbata ba, kuma ba wanda za ni tambaya.

Na ce wa Balkisu ta ba ni zuwa yamma. Na rufe gareji da wuri, na shiga unguwa gida-gida ina sallama, ina tambayar 'yar wa ce mai jan ɗankwali.