Inda Alkamar Ta Ƙi Tsawo

Har Amritsar labari ya kai, wai taubashina Nidhan Singh ya auri igwa, an sha kiɗa kwana bakwai, ta haifa masa ƙananan bindigogi uku. Ƙarya ce, ina wurin. Furanni kawai ya rataya mata a wuya, sai man shanu da yake shafa mata kullum, wanda matarsa Bishan Kaur ta ce ko ita ba ta taɓa samun rabinsa ba.

Daga bayan shanun huɗa aka ɗauke shi, gemu bai fito ba, aka sa shi cikin 'yan igwar rundunar Khalsa, wato sojojin sarkinmu. Lokacin ƙasarmu ta Punjab faɗi take yi kamar ruwan damina. Ya je Multan, ya je Peshawar, ya dawo da rawani mai tsawon dabino da kunne ɗaya da ya daina aiki. Ɗayan ma sai ka yi ihu. Shi ya sa raɗarsa takan tashi tsuntsayen ƙauye uku.

Da tsohon sarki ya mutu a Lahore, manya suka shiga yanka juna, Turawan Kamfani na hayin kogin Satluj suna kallo. Yaƙi biyu aka yi da su, ƙasa ta tafi hannunsu. Kowa ya zube makaminsa a gaban Bature, ban da Nidhan. Da bijimai shida ya jawo igwarsa gida a ƙarƙashin tulin ciyawa, ya binne ta a bayan gari, ya shuka alkama a kai.

Shekara talatin yana harbi, noma ya bar hannunsa. Ramin bai yi zurfi ba. Alkama ta tashi kore shar har gwiwa, sai wuri guda ta tsaya a idon sawu, rawaya, doguwa, gindi da kauri, baki da siranta. Makaho ma ya shafa ya san mene ne.

Ran Talata mai shela ya zo da ganga: duk wanda aka samu makami a gidansa ko gonarsa, za a rushe gidan, a tafi da shi cikin mari. Jiya muka hango hayaƙi daga ƙauyen gabas, ba na girki ba. Yau karnukansu suka iso garinmu, babu masu su. An ce masu binciken a kan dawaki suke ratsa gonaki, daga sirdi kuwa babu abin da ba a gani.

Na tarar da Nidhan tsugune a bakin wurin, yana tauna rake.

"Bawana," na kwarma masa a kunne, "ka zana wa Bature hoto kyauta. In sun tafi da kai, wa ka bar wa bijiman? Ni dai ka san ba na ƙin alheri."

Ya tofar da ɓawon rake, ya dube ni sama da ƙasa.

"Da kana zuwa gona, malalacin banza, da ka san iyaka. Tawa a gindin tsamiyar can ta ƙare. Wannan da kake tsaye a kai taka ce."