Injiniyan Meksiko da Fim ɗin Kakarsa

A shekarun da ake aikin jirgin ƙasa na cikin Riyad, ni ne direban wani injiniya ɗan Meksiko, gajere, mai yawan dariya. Larabcinsa bai kai nawa ba, sai mu haɗa da Turanci da nuni da hannu.

Wata safiya mun baro unguwar Ulaisha, yana duba waya, sai ya kurma ihu har na taka birki. Na zaci rasuwa aka yi masa.

"Sadik, mun sake ci!"

"Ƙwallo?" na ce.

"Fim! Ɗan ƙasarmu ya sake ɗaukar babbar kyautar ba da umarni a Amurka!"

Ni a lokacin ban san suna yin fim ba. Har muka isa wurin aiki bakinsa bai rufu ba. Ya ce tun zamanin kakarsa suke yi, fina-finan baƙi da fari, mawaƙa a kan doki da manyan malafa, ana kallonsu a duk ƙasashen da ke jin Sifaniyanci. Daga baya harkar ta yi sanyi, sai ga waɗannan samari sun tashe ta, duniya na ta tafa musu.

Ya ba ni aron faifan da kakarsa ta fi so. Ranar Juma'a bayan la'asar na sa shi a ɗakinmu na unguwar Gubaira. Ba mai jin yaren. Wani Basakkwace mai gyaran wuta, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, ya matso gaban talabijin ya fara fassara daga kansa. Jarumi na waƙa ƙarƙashin tagar budurwa, shi kuwa yana cewa, "Fito mana, sauro ya ishe ni!" Muka yi ta birgima don dariya. Da aka zo wurin mutuwar uwar jarumin, fassara ta tsaya, wani dattijo ya share ido da hularsa.

Da na ba injiniya labari, ya rantse sai ya gani da idonsa. Juma'ar da ta biyo ya zo, ya naɗe ƙafa a kan darduma, ya ci tuwo da hannu, ya kalli fim ɗin kakarsa da Hausa. Ya ɗauki Basakkwacen a waya ya tura wa 'yan'uwansa. Kafin magariba sun aiko da saƙon murya, suna ta shewa, suna tambayar me ake nufi da sauro.